Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Sa Salansar Babur Harbi In An Saki Wuta?

 Yau wasiƙa ɗaya ce za ta cinye mana yawancin lokaci, don kuwa na tara irinta har guda huɗu a kan teburina, duk kukan iri ɗaya ne. Wadda na zaɓa ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a yankin Funtuwa, wanda ke ɗaukar masara da waken suya a kan babur ɗinsa Boxer yana cin kasuwannin ƙauye.

Malam ya ce babur ɗin lafiya lau yake tashi, lafiya lau yake ja, amma da zarar ya saki wuta, ko a gangara ko in zai tsaya, sai salansa ta kama tas-tas-tas, wani lokaci kuma ta buga tau! kamar an harba bindiga. Ya ce ran nan yana shiga bakin kasuwa ta yi masa wannan aika-aika, mata masu tallar nono suka watse, ƙwarya biyu suka fashe, shi ya biya. A irin zaman da ake ciki kuwa, wa zai ga laifin wanda ya ji ƙara ya ruga? Ya ce ya kai wa bakanike, an ce masa inji ne ya tafi, sai an sauke shi, kuma kuɗin da aka yanka masa daidai yake da abin da ya ajiye na takin bana. Tambayarsa ita ce, ya ba da kuɗin taki a sauke inji, ko kuwa yaya?

To Malam, amsa a gajarce ita ce kada ka yi gaggawa. Mai yiwuwa ne bakaniken ya yi gaskiya, amma cikin abubuwan da ke kawo wannan harbi, wanda ke bukatar a buɗe inji shi ne na ƙarshe a layi. Akwai huɗu ko biyar a gabansa waɗanda ba su wuce aikin sifana da sukundireba ba. Bari mu bi su sannu a hankali, amma sai ka fara gane abin da ke faruwa a cikin ƙarfen nan tukuna.

Injin babur ba fetur zalla yake ci ba. Gauraye yake ci, iska da fetur, kuma iskar ce mai yawa: a ma'aunin nauyi, wajen kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur. Kabireta ita ce mai dama wannan fura. In ta dama daidai, filogi ya ba da wuta, gaurayen ya ƙone ƙurmus a cikin inji, hayaƙi kawai ke fita ta salansa. In ruwa ya yi wa furar yawa, wato iska ta rinjayi mai, wutar filogi ba ta kama shi sosai. Wani bugun ya kama, wani ya ƙi. Wanda bai kama ba ina za shi? Sai fistin ya tura shi waje ɗanye, ya shiga salansa.

Yanzu dubi lokacin da ka saki wuta kana cikin gudu. Ka rufe wa inji babbar ƙofa, amma taya na ci gaba da juya shi da sauri, yana zuƙa kamar ɗan maraƙin da aka janye wa nono. A wannan lokaci man da ke isa gare shi ta wata 'yar ƙaramar hanya kaɗai yake bi, wadda bakanikai ke kira jet ɗin silo. Saboda haka ko babur mai lafiya, a daidai wannan lokaci gaurayensa ya fi kowane lokaci tsinkewa. Ɗanyen mai ya taru a cikin salansa, salansa kuwa ta yi zafi jau. Abu ɗaya ya rage wuta ta tashi, shi ne iska. Da ta samu, sai ka ji tau! Ashe ke nan harbin ba a cikin inji yake ba, a cikin bututun hayaƙi yake. Shi ya sa 'yar tas-tas kaɗan jefi-jefi a doguwar gangara ba abin tayar da hankali ba ce. Wanda ake bincike a kai shi ne harbin da da babu shi yanzu ya zo, ko wanda ke ƙaruwa kullum.

Kafin ka taɓa komai, ka kasa kunne ka tabbatar ta ina ƙarar ke fita. In ta baya ce, ta salansa, kuma sai an saki wuta, to ita ce muke magana a kai. In kuwa ta wajen kabireta ce, babur ya yi kamar atishawa lokacin da ka murɗa wuta, wannan wata magana ce, ko da yake 'yan uwan juna ne, kuma ta fi haɗari don wuta na iya bi ta inda mai yake. Kada ka haɗa su wuri ɗaya in kana yi wa bakanike bayani.

Wuri na farko da za ka duba shi ne inda wuyan salansa ya haɗu da kan inji. Noti biyu ne ke riƙe da shi, a tsakani kuma akwai wani ɗan zobe, gasket, wanda ke toshe mahaɗar. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanyoyinmu na ƙauye ka san su, ga gargada ga ramuka, ga buhu biyu a baya. Girgizar nan ke kwance notin a hankali, zoben ya ƙone ko ya lotse. Za ka ce ai in akwai kafa hayaƙi ne zai fita, yaya iska za ta shiga? Hayaƙin inji ba kwarara yake yi kamar ruwan famfo ba, bugu-bugu yake fita, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan zuƙo da ke jawo iskar waje ta cikin kafar. Ga ɗanyen mai, ga zafi, ga iska ta samu. Me ya rage?

Gane wannan ba wuya. Da safe inji na sanyi, duƙa ka dubi mahaɗar. In ka ga baƙin hayaƙi ya yi zane a gefen, kamar bangon madafa, to ka kama ɓarawo. In ba ka gani ba, ta da babur ɗin ka kawo bayan hannunka kusa da wurin nan da nan kafin ya yi zafi, ban ce ka taɓa ba, za ka ji iska na busowa fuf-fuf. Wasu kan dama ruwan sabulu su shafa, in ya yi kumfa to akwai kafa. Bi bututun har ƙarshe, musamman ƙasansa inda tsatsa ke ci, da inda mai walda ya taɓa yin faci. In noti ne ya kwance, a ɗaure su bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, kada a danne ɗaya a bar ɗaya, kuma kada a sa ƙarfin tuwo, don in ƙusar ta karye a cikin kan inji ka sayi wani aikin. In zoben ya mutu a sa sabo. Kuɗinsa bai kai na kwanon masara ba.

Na daɗe a kan wannan ne don ni ma ya taɓa ci na. Lokacin ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, kafin in shigo aikin rediyo, babur ɗina ya kama irin wannan harbi, har yara suka sa mini suna Malam Mai Bindiga. Na kai wa wani bakanike a gari, ko duƙawa bai yi ba ya ce kabireta ce. Na sayi sabuwa da kusan rabin albashina. Ina fita garin, gangarar farko, tau! Wani tsoho mai facin taya a bakin hanya shi ya kira ni ya nuna mini baƙin zanen da ke wuyan salansa da ɗan yatsa. Noti ɗaya ma babu shi, ya faɗi tuni. Tsohuwar kabiretar nan lafiyarta ƙalau, tana nan a ɗakina har yau.

In salansa ba ta da kafa, sai mu koma ɗaya gefen, ta inda inji ke shaƙa. Tsakanin kabireta da inji akwai wani ɗan wuya, wani na roba wani na ƙarfe mai gasket. Zafin inji da zafin rana kan busar da robar ta tsattsage, ko abin da ya ɗaure ta ya saki. Iskar da ta shiga ta nan ba ta bi ta kabireta ba, saboda haka ba a auna mata mai ba, sai gauraye ya tsinke. Alamarsa ita ce silo ba ya zama wuri ɗaya, kuma in ka murɗa wuta ka saki, inji kan daɗe yana kuka kafin ya sauko. Gwajinsa: bar babur a silo, ka fesa ruwa kaɗan a kan robar. In muryar inji ta canja, akwai tsaga. Na san wasu da fetur suke wannan gwaji. Don Allah kada ka yi, inji mai zafi da fetur ba a wasa da su.

Daga nan sai matatar iska, wadda aka fi sani da iyakilina, wato soson nan da ke cikin akwati a gefen babur. A lokacin hunturu ƙura kan toshe shi, babur ya riƙa nauyi yana shan mai. Maimakon a wanke, sai wani ya cire soson ya jefar, ya ce ai yanzu babur ya samu numfashi. Ya samu kam, har ya yi yawa. Iska ta rinjayi mai, harbi ya fara, ƙurar da soson ke tarewa kuma ta wuce kai tsaye tana cin ringi da fistin kamar ana goga musu yashi. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan. Buɗe akwatin ka gani, Malam. In soson ya yage ko babu shi, sa sabo. In datti ne, a wanke shi, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. In irin na takarda ne, ba a wanke shi, sai dai a kakkaɓe ko a sake.

Yanzu ga inda nake zaton gizo ke saƙa a wasiƙarka. A ƙarshenta ka ambata, kamar abin da ba shi da muhimmanci, cewa watannin baya ka sa an rage wa babur ɗin shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 a nan arewa cikin 'yan kwanaki, wannan aiki ya zama ruwan dare. Kowa na zuwa wurin bakanike yana cewa a ɗaure masa kabireta. Ban ga laifin kowa ba, aljihu ne ke magana. Amma abin da ake yi shi ne a murɗa ɗan sukurun da ke daidaita gaurayen silo, wani ma har ya sauke allurar kabireta ko ya sa ƙaramin jet. Ka tuna na ce lokacin sakin wuta ta hanyar silo kaɗai mai ke bi? To an ƙuntata wannan hanya, dole salansa ta yi magana.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. In inji ya yi zafi, hau hanyar da babu jama'a, ka ɗan ja cok kaɗan, ba duka ba, sa'an nan ka saki wuta kamar yadda ka saba. Cok na ƙara mai a cikin gauraye. In harbin ya ragu ko ya ɗauke, ka tabbata ƙarancin mai ne. Gwaji na biyu, kwance filogi bayan ka yi tafiya mai ɗan nisa ka dubi bakinsa. In ya yi ruwan ƙasa kamar shayi da madara, gauraye daidai yake. In ya yi fari fat kamar alli, inji na jin yunwar mai kuma yana zafi fiye da kima. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ne ya yi yawa, shi ma kuwa yakan kawo harbi, sai dai nasa bugu ɗaya ne mai nauyi, tare da warin fetur da baƙin hayaƙi.

Gyaran sukurun nan yana da ƙa'ida, kuma a nan ne yaran bakanikai da yawa ke kuskure, don iri biyu ne. In sukurun yana gefen da iska ke shigowa, wato wajen iyakilina, to iska yake aunawa, ɗaure shi ciki shi ke ƙara mai. In yana gefen inji, mai yake aunawa, kwance shi waje shi ke ƙara mai. Kafin a taɓa, a murɗa shi ciki a hankali har ya zauna, ana ƙirga zagaye nawa ya yi, don a san inda aka fito. Kada a danne shi, bakinsa siriri ne, yana lalacewa. Yawancin ƙananan babura tsakanin zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi suke zama. Daga nan a riƙa juyawa kwata-kwata, inji na zafi, ana saurare, har a sami inda silo ya fi daɗin murya. In an juya an juya inji bai ko kula ba, to jet ɗin silo ya toshe. Ramin da ke jikinsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba, kuma man galan da na kwalba da muke saye a bakin hanya ba ya rasa ƙura ko ruwa. A kwance shi a wanke a hura masa iska. Kada a zura masa allura, in ramin ya faɗaɗa ya tashi daga aiki. In za ka sayi man kwalba, tace shi da ƙyalle mai tsabta.

Akwai wata ɗabi'a kuma da tsadar mai ta ƙara yaɗawa, ita ce kashe makulli a gangara babur na cikin giya, a kunna in an kusa ƙasa. Duk tsawon gangarar nan inji na juyawa yana zuƙo mai yana turawa salansa ɗanye, don filogi ba ya ba da wuta. Kana mayar da makulli, duk abin da ya taru ya tashi gaba ɗaya. Irin wannan bugu ne ke fasa salansa, kuma ko ɗigon mai ba ka tsimi ba. Makullin da ya sassauta, ko wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe, ko hular filogi da ta tsage, su ma haka suke yi: wuta ta ɗauke ta dawo. In harbinka ya fi yawa a kan gargada, bi wayoyin nan. Tazarar bakin filogi kuma a yawancin baburan nan tsakanin 0.6 ne da 0.8 na milimita.

Wasu baburan na baya-bayan nan kamfani da kansa ya sa musu wani ɗan bututu da ke kai iska bakin salansa don ƙone ragowar mai, saboda rage gurɓata iska. In naka na da shi, 'yar tas-tas kaɗan halinsa ce. In tiyonsa ya tsage ko bawul ɗinsa ya lalace, harbin kan yi yawa, sai a duba shi.

To sai na ƙarshe, wanda bakanikenka ke nufi. A kan inji akwai bawul biyu, na shiga da na fita. Na fitar shi ke shan wuta, kuma yawancin zafinsa yana hucewa ne lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Akwai 'yar tazara da ake bari a tafet, tsakanin 0.05 da 0.10 na milimita gwargwadon irin babur, kamar kaurin gashin kai, kuma inji na sanyi ake auna ta da ƙarfen awo, ba da ido ba. Masu babur da yawa ba sa son jin ƙarar tafet, sai su sa a ɗaure shi tamau. In tazarar ta ɓace, bawul ba ya rufuwa sosai, wuta na tsere wa ta gefensa zuwa salansa. Da farko harbi ne. In aka haɗa da gauraye mai ƙarancin mai, wanda ke sa inji zafi, aka yi watanni ana ɗora masa buhuna, sai gefen bawul ya ƙone. Ɗan ƙarar tafet kaɗan ya fi shirun da ke cin bawul.

Yaya za ka san an kai nan? Kik zai yi laushi, ka taka ka ji babu nauyi kamar da. Babur zai riƙa wuyar tashi, ya ƙi zama a silo, ƙarfinsa ya ragu a hawa, harbin kuma ba zai tsaya ga lokacin sakin wuta kaɗai ba. Kai kuwa ka ce naka na tashi bugu ɗaya kuma yana jan kaya. Wannan ya sa nake ganin bawul ɗinka bai ƙone ba tukuna. Na ce tukuna, don in filogin nan ya fito fari, hanyar da ka kama can za ta kai ka. Ko da ma ya ƙone, kan inji ake cirewa a gyara mazauninsa a sa sabon bawul, ba dukan inji ake saukewa ba. Saboda haka koma wurin bakaniken, cikin mutunci, ka ce ya duba wuyan salansa, da robar kabireta, da iyakilina, ya mayar da gauraye yadda yake, ya auna tafet, kana tsaye. In ya ce lallai sai an sauke inji, ce masa ya nuna maka dalili a kan kik. Mai zai ɗan ƙaru maka a mako, ban ɓoye maka ba. Kuɗin takinka dai bar shi inda yake.

Kafin a gyara, kada ka ɗaura jarkar fetur ta gefen salansa, kuma kada ka ratsa da shi cikin busasshiyar ciyawa ko kusa da tarin kara da auduga, don harbin nan wani lokaci da harshen wuta yake fita. In za ka shiga kasuwa, rage gudu tun daga nesa, ka kama kuloci inji ya sauko silo, ba zai buga ba.

Sauran wasiƙu ukun amsarsu na cikin wannan, sai dai ɗaya daga wajen Maraɗi, wanda ya ce ɗansa ya kai babur wurin mai walda an huda salansa an cire abin da ke cikinta don ta yi ƙara, tun ranar kuma take harbi. Alhaji, wannan ba ciwo ba ne, yaron ne ya saya da kuɗinsa. Salansar da aka fafake ba ta ɓoye ƙara, kuma iskar waje na komawa cikinta ta baya. A mayar da irin ta kamfani, shi kuma a karɓe makullin na mako biyu.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wasiƙar masu tambaya a kan injin ban ruwa da ke tashi ya mutu. A ci gaba da aiko da wasiƙu, a kuma riƙa faɗin irin injin da shekarunsa.